Tauraro na Huɗu a Rigar 'Yan Makara

Kacici-kacici, ga wanda ke zaune a gabana da wanda maganar nan za ta iske a wayarsa. Kowa da guda biyu aka haife shi. Da su yake yanga, da su yake ture mutane in motar haya ta cika. Amma ranar da ya fi bukatarsu, nasa biyun ba sa tsinana masa komai, sai ya ari huɗu a wurin jama'a, kuma ranar ba shi da bakin roƙo. Mene ne? Ku riƙe shi a ranku. Na san ba a buɗe taron mamaci da kacici-kacici, amma ku kuka ba tsohuwa lasifika.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe wakilin ofishin jakadancinmu, mun gode da ka baro aiki. Allah gafarta Malam, limamin surau ɗin unguwarmu, wannan ƙaramin masallaci da ya zama namu kamar mu muka gina shi, tare da dattawan Malay da ke gefenka, sannunku. Dakta Lawal, shugaban 'yan ƙasarmu a nan Setapak. Fasto Noah da mutanenka. Alhaji Abdussalam, yayan mamaci, da ka taso tun daga Malumfashi kana ta canjin jirgi, Allah ya ba da ladan zumunci. Rufaida 'yata, da kike can bayan labule, da marayunku Nuriyya da Zuhra. Sai ku 'yan ƙwallo, da na ga kun zauna kashi biyu, wasu dama wasu hagu, kun bar hanya a tsakiya kamar za a shigo da amarya. Ina gaishe ku duka, zan kuma dawo kanku.

Ni ce Ɗelu, wadda kuke kira Kaka. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na zo yi wa 'yata Saudatu wankan jego, wata uku aka ce, ga ni har yau ina jin tsoron lifta. An ce in yi magana a madadinmu duka a kan Sirajo, wanda yau kwana arba'in ke nan da ya bar mu.

Ba jikana ba ne na jini. A ƙofar wani kedai na fara ganinsa, ina ta fama da mai shagon a kan attaruhu, ni Hausa shi Malay, kowa na ɗaga murya. Sai na ji a bayana an ce, "Tsohuwa, ko a ƙasar mutane ma ba za ki bar rigima ba?" Na juya na ga wani dogo da hular hana-sallah, an zana mata kwaɗo mai gashin baki riƙe da taɓarya. Na ce, "Kai kuma wa ya aike ka, mai kwaɗo a ka?" Daga ranar ya zama mijina, ni na zama amaryarsa. Rufaida matarsa ta sani, ba ta taɓa yi mini kishi ba, don ta san ba abin da nake samu a wurinsa sai tsiya.

Ya kasance malami, ɗalibansa suna nan, su za su faɗi wannan, ni bokona a ajin yaƙi da jahilci ya tsaya. Ya kasance wanda in sabon ɗalibi ya sauka a filin jirgi, ba waya ba masauki, shi ake kira. Ya kasance wanda ya koya wa rabin ɗakin nan cewa in Malay ya ce boleh, ya yarda ne, ba dole yake cewa ba. Ya kasance, kuma wannan zan faɗa ko da yayansa na zaune, mutum mafi taurin kai a kan zancen ƙwallo da Allah ya taɓa haɗa ni da shi.

Mu dai mun san ƙwallo a ci ko a sha kashi. Shi Sirajo tambarin da ke ƙirjin riga shi ne damuwarsa. Wata rana da yamma na same su a mamak, wurin mai shayin nan, an ajiye masa shayi da roti sun huce, ya dafe kai. Na ce wa ya mutu? Tomas, golansu, ɗan Filato, ya ce, "Kaka, ba wanda ya mutu. Ƙungiyarsa ta Turai ce ta canza tambari."

Sirajo ya ɗago ya ce, "Sun cire jirgin ruwan, Kaka. Shekara ɗari yana nan. Wai don ya fito da kyau a waya."

Na ce, "Jirgin na ubanka ne?"

Ya ce, "Na kakannin masu kallo ne."

Tomas ya ce, "Makan lah, ci abincinka mutumina, kai ko garin ba ka taɓa zuwa ba."

Bai ci ba. Sai da aka yi masa tapau, aka ƙunshe masa, ya tafi da shi gida.

Hular kwaɗon ma da labarinta. Ya taɓa yin wata shida a wani ƙaramin gari a Amurka, inda suke wani wasa wai shi besbol, a jefo ƙwallo a make ta da taɓarya a ruga a guje kamar an yi sata. Ƙungiyar garin ba ta manya ba ce, irin ta ƙauye ce, daga nan ake ɗibar yara a kai birni. Amma har ya bar duniya yana bin labarinta a waya. Da suka canza suna, suka cire kwaɗon suka sa wani abu mai kama da gurasa da ido, kwana uku yana rubuta musu wasiƙa. Na ce, "Angona, mutanen nan sun san kana duniya kuwa?" Ya ce mini wata magana da na ɗauka shirme ce a lokacin. Ya ce, "Kaka, duk ƙungiyar da ta canza suna, ta kori matattunta ne. Wanda ya mutu yana goyon bayan kwaɗo, wa zai gaya masa yanzu gurasa ce?"

To, ga inda bakina ya shigo, kuma daga nan ne tsorona ya fara.

Shekara goma da suka wuce ya tara samarinmu suka fara buga ƙwallo duk Lahadi a filin da ke bayan dogayen gidajen Danau Kota. Ƙarfe takwas ake ba su fili. Ni nakan kai musu kunun gyaɗa, in zauna ni da fulas ɗina har tara da rabi, sannan su fara ɓullowa ɗai-ɗai suna hamma. Ranar da suke gardamar sunan da za su sa wa ƙungiya, wannan ya ce Zakuna, wancan ya ce Mikiya, na ce, "Ku da ba ku taɓa zuwa a kan lokaci ba? Ku ai 'Yan Makara ne." Aka yi dariya. Sirajo bai yi ba. Ya tafi Jalan Masjid India wurin wani tela Ba'indiye, ya dawo da riguna an ɗinka musu agogo a ƙirji, ƙarfe tara da rabi, a ƙasa an rubuta MAKARA. Wallahi ni zuwa a makare nake nufi. Ko kaɗan ɗaya makarar ba ta zo mini a rai ba.

Shekarar ba ta ƙare ba Adnan ya rasu, ɗalibi ɗan Azare, ba uwa ba uba a ƙasar nan. Muka rasa yadda za mu yi, don ba mu taɓa binne kowa a nan ba. Sirajo ya rubuta layi ɗaya a guruf ɗin ƙwallo na WhatsApp. Waɗanda ba su taɓa zuwa fili a kan lokaci ba, kafin awa ɗaya su ashirin da biyu suna tsaye a ƙofar surau. Liman ya nuna musu yadda ake yi a nan, su suka wanke shi, su suka ɗauke shi, su suka sa shi a kabari. Da suka dawo Sirajo ya zauna a ƙofata, takalmansa duk jar laka, ya ce, "Amarya, ashe sunan da kika raɗa mana fuska biyu gare shi." Washegari ya kai rigunan wurin tela aka ɗinka tauraro ɗaya a saman agogon.

Ku da kuka san ƙwallo kun san manyan ƙungiyoyi suna sa tauraro ne in sun ci kofi. Mu ba mu taɓa cin ko cokali ba. Amma bayan Priscilla, matar ɗan'uwanmu na Kafanchan, da suka ɗauki akwatinta daga coci har wurin jirgi, Musulmi da Kirista, tauraro ya zama biyu. Bayan jaririyar da ta kwana tara a duniya, ya zama uku. Ita ba ta ma bukaci makara ba, a hannu aka tafi da ita, amma Sirajo ya ce tauraronta daidai yake da na kowa. Sai ya zama in an zo wasa da 'yan wata unguwa, su ga taurari uku su tsorata, su ce zakaru ne. Sai sun zura mana biyar hankalinsu yake kwanciya.

Haka muka zauna. Ba mu da kwamitin jana'iza, ba mu da ofis, ba mu da dangi a bayan gida. Guruf ɗin ƙwallo shi ne danginmu. Duk wanda ya kwanta ciwo a Setapak, ya san in ta Allah ta kasance, layi ɗaya za a rubuta.

A watan azumin bana Muttaka ya kawo shawara. Muttaka amininsa ne, tare suka zo ƙasar nan, ɗaki ɗaya suka zauna kafin su yi aure. Ya ce ana buɗe gasar unguwanni, akwai mai gidan abinci da zai ɗauki nauyin riguna, amma da aka fassara masa sunan, fuskar farko ya yi dariya, ta biyu ya ja kujerarsa baya. Ya ce a koma Damisar Setapak, ga zane har an yi, damisa ta buɗe baki, ba agogo ba tauraro. Ya ce matansu ma sun gaji, a ce miji ya fita da safe da makara a ƙirji.

Kun san abin da ya biyo baya, a wayoyinku aka yi. Sirajo ya ce an mai da su gurasa mai ido. Muttaka ya ce, "Kai matsalarka kana zaton Setapak ce Turai." Sirajo ya ce wanda ke jin kunyar sunan ga hanya nan. Aka kwana biyu ana jifa da saƙon murya, har ni aka turo wa, mai minti goma sha ɗaya. A rana ta uku Sirajo da hannunsa ya cire Muttaka daga guruf. Mutum ashirin da bakwai suka bi shi suka buɗe nasu. Goma sha ɗaya suka rage.

Muttaka, ɗana, ka yafe mini, zan faɗi abin da ka gaya mini a kicin ɗin Saudatu, don in ban faɗa ba mutanen nan za su ci gaba da kallonka yadda suke kallonka. Tauraro na uku 'yarsa ce. Shekara huɗu yana saka ta a ƙirji duk Lahadi, yana gudu da ita, ana ture shi a laka da ita, matarsa tana wanke rigar tana shanyawa. Ya ce mini, "Kaka, ban ƙi a tuna da ita ba. Na gaji ne da ganinta a igiyar shanya." Bai gaya wa Sirajo ba, don namiji ne. Sirajo bai tambaya ba, don yana ganin ya riga ya san amsa. Mijina mutumin kirki ne, amma a nan ya yi kuskure, kuma na san da yana nan zai ce, tsohuwa, rufe bakinki, sannan ya je ya buga ƙofar Muttaka.

Bai samu zuwa ba. Sauro ɗaya, zazzaɓin nan na denggi, kwana biyar a asibiti. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Tomas ne ke tare da shi. Ya yi abin da aka saba yi shekara goma, ya rubuta layi ɗaya a guruf, ya sa wayar a aljihu ya shiga bin takardu. Bai tuna guruf ɗin ya rabe ba. Ba wanda ya tuna. Ba mu taɓa kiran mutane ɗai-ɗai ba, ba mu ma san ana yi ba. Cikin goma sha ɗayan nan wasu sun yi tafiya, wasu suna aji wayarsu a kashe.

Ni ina hawa na goma sha huɗu riƙe da Rufaida. Barandarsu tana kallon surau. Bayan Azahar na leƙa ina ƙirga huluna, don na san yadda wurin yake cika. Na ƙirga biyar. Na goge idona na sake, biyar. Cikinsu ɗaya Tomas ne, yana gefe riƙe da takalman mutane. Na ga an fito da shi. Na ga yayyafi ya fara. Na ga wani dattijon Malay, ga shi can zaune kusa da Liman, ya miƙa wa wani sandarsa ta dogarawa, ya shiga ya kama gefe ɗaya. Mutumin da ya ɗauki kowa, sai da tsoho mai sanda ya taimaka aka kai shi mota. Zuhra ta ja zanina ta ce, "Kaka, Uncle Muttaka tak datang ke?" Wai Kawu Muttaka bai zo ba ne? Na ce yana hanya. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Ashe gaskiya ce. Ƙarfe uku wani ya gani a wayar wani. Su ashirin da bakwai suka baro aiki, suka baro aji, ga ruwa ga cunkoso. Sun isa maƙabarta an riga an mai da ƙasa. An ce Muttaka ya durƙusa a laka da kayan ofis, sai da aka ɗaga shi. Ranar ba wanda ya iya furta sunan ƙungiyar, don kowa ya san fuskokin nan biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Tun ranar nake jin tsoro, kuma ban zo nan in ɓoye ba.

Ina jin tsoron bakina. Kun san wasan kaka da jika. Duk sanda ya shigo sai ya ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan? Yaushe za mu sha gumba?" Ni kuma in ce, "Sai na sha taka." Shekara goma ina faɗa muna dariya. Na san ajali na Allah ne, Malam ya gaya mini, na kuma yarda. Ba suna ke kashe mutum ba, ba wasa ke kashe shi ba. Amma na ji abin da ake raɗawa a lifta, cewa sunan ne ya ci shi, kuma an san wadda ta raɗa sunan.

Ina kuma jin tsoron abin da ya fi wannan. Ku dubi ɗakin nan ku gaya mini wa ya fi kowa shekaru. Sirajo yakan ce, "Kada ki damu, amarya, gaba ta dama a makararki tawa ce, na riga na kama wuri." To mai wurin ya riga ni. In na kwanta gobe a hawa na tara, Saudatu ta ɗauki waya, wane guruf za ta rubuta wa? Na damisa ko na agogo? In ta rubuta wa ɗaya, ɗayan ya ji ƙarfe uku? Kuma kada ku ce tsohuwa kanta take ji. Adnan shekararsa ashirin da shida. Sirajo talatin da tara. Sauron Setapak ba ya duba fasfo. Kowannenku ya bar uwa a gida da take kwana da tunanin in wani abu ya same shi a ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta ba, akwai masu tsaya masa. Mu muka yi wa iyayen nan alkawari ba tare da mun faɗa ba. Ranar Talatar nan alkawarin ya tsinke, kuma a kan zanen riga ya tsinke.

Rufaida, 'yata, ki ji ni. Mijinki bai tafi a wulaƙance ba. Mutum biyar da dattawan da ba su san yarensa ba sun kai shi da mutunci, Allah kuma ba ya ƙirga huluna. Rigarsa tana wurina. Na ɗinka mata tauraro na huɗu da hannuna, ya ɗan karkace don idona ya yi rauni. Ta Nuriyya da Zuhra ce, su ajiye. Ba zan ce wani ya saka irinta ba. Alhaji Abdussalam, in ka koma ka gaya wa Hajiya ɗanta ya binne 'ya'yan mutane a ƙasar da ba a san su ba, ta yi alfahari da shi. Sauran labarin ka bar shi a nan, namu ne, mu za mu gyara.

Ku kuma na dama da na hagu. An ce Lahadi mai zuwa za ku yi ƙuri'a a kan suna. Ni na raɗa shi, ni kuma na janye shi. Ku sa damisa, ku sa kwaɗo, ku sa gurasa mai ido in kun ga dama. Ku cire taurari, matattunmu ba a ƙirjin riga suke ba. Mijina zai yi fushi, to ya yi, na saba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma yau nake so, ba Lahadi ba, don ban san wa zai kai Lahadi ba. Guruf ɗaya. Tomas, a hannunka ya bar shi, ciro wayarka ka mai da kowa ciki. Fara da Muttaka. Malam, a yi mana haƙuri, yau ƙarar waya a wurin addu'a ba rashin ladabi ba ce.

Ina ji. Ɗaya, biyu, ga wata can baya. Ci gaba, Tomas, kada ka tsallake kowa, har wanda ya zage ka. Ban san ko za ku riƙe shi ba. Na ga yadda kuke in an ci ku biyu da nema. Zan dai koma gida da tsorona, amma ya ɗan rage nauyi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Mun gode wa matan da suka yi kwana arba'in suna hawa da kwano. Mun gode wa Liman, mun gode wa dattijo mai sanda, Allah ya ba ka masu tsaya maka ranar da taka ta zo.

Ya Allah ka jiƙan Sirajo, ka yafe masa taurin kansa, ka sa alherin da ya yi wa baƙi ya tarbe shi. Ka haskaka kabarinsa a ƙasar nan da ba tasa ba. Ka ba Rufaida haƙuri, ka raya Nuriyya da Zuhra cikin albarka. Ka jiƙan Adnan, ka jiƙan 'yar Muttaka, ka sanyaya zuciyar mutanen Priscilla. Ka yafe wa tsohuwa wasan bakinta. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka sa labari ya iske kowa a kan lokaci. Amin.

Amsar kacici-kacicin kafaɗa ce. Kowa yana da biyu, makara kuma huɗu take bukata.